Tsakanin Aji da Ƙofar Makaranta: Fashin Baƙi kan Ƙananan Kwalejojin Amurka da Neman Adalci

A ƙarshen daminar bara wani maƙwabcina a Unguwar Rogo da ke Jos, dattijo mai sayar da kayan gyaran mota, ya tare ni a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i da wasu takardu a hannunsa. 'Yarsa ta samu gurbin karatu kyauta a wata makaranta a Amurka, amma maimakon murna zalla sai na ga damuwa a fuskarsa. Ya ce, "Malam, abin da ya ɗaure mini kai shi ne an ce kwaleji ce ba jami'a ba, ɗalibanta duka-duka ba su kai dubu biyu ba, kuma da yayanta ya duba a waya sai ga hotunan yara riƙe da kwalaye suna zanga-zanga. Shin karatu za ta je yi, ko rigima?" Na ce masa, "Alhaji, wannan ba amsar tsaye ba ce, ka bari mu zauna." Tambaya ce ta uban da ya ga abin da ya gani a garin nan, inda kalmar zanga-zanga take zuwa tare da ƙaurin hayaƙi da dokar hana fita, don haka ta cancanci a warware ta dalla-dalla.

Sunan kwaleji shi ne farkon abin da yake ruɗa mu, domin a nan idan an ce kwaleji hankali yakan tafi ga kwalejin horar da malamai ko ta kimiyya da fasaha, waɗanda jama'a suke ɗauka ƙasa da jami'a. A Amurka akwai wani rukunin makarantu, akasarinsu a ƙananan garuruwa, da suke ba da digirin farko na shekara huɗu kamar kowace jami'a, sai dai da gangan suka zaɓi su zauna ƙanana, su mayar da hankali ga koyarwa maimakon tara manyan tsangayoyi. Sunan da ake kiran irin karatunsu daga harshen Latin ya samo asali, kuma ma'anarsa ta farko ita ce fannonin da suka dace da ɗa, wato mutum mai 'yanci wanda ba bawa ba, wanda ake sa ran zai tsaya gaban jama'a ya tofa albarkacin bakinsa a kan al'amuran gari. A Turai ta dā fannonin bakwai ne: nahawu da balaga da manɗiƙi, sai lissafi da handasa da kiɗa da falaki. Duk wanda ya taɓa durƙusawa a zaure gaban malamin ilimi zai ji wannan jeri bai yi masa baƙo ba, domin mu ma ba a kiran mutum malami don ya san babi ɗaya na fiƙihu, sai ya ratsa lugga da nahawu da balaga da hisabi. A wannan rubutu zan kira su kwalejojin ilimi mai faɗi.

Yadda ake rayuwa a cikinsu shi ne mabuɗin sauran maganar. Ɗalibi ba ya shiga da kwas ɗinsa a ƙayyade kamar yadda JAMB take raba yaranmu tun kafin su taka ƙofar jami'a. Yakan shafe kusan shekara biyu yana ɗanɗana tarihi da ilimin halittu da falsafa da lissafi da wani harshe, sai a ƙarshen shekara ta biyu ya bayyana fannin da zai ƙware a kai. Aji sau da yawa mutum 15 ne ko 20 kewaye da tebur, an ba su abin karantawa tun kwanaki, aikin malami kuma ya jefa tambaya ya bar su su yi musu da hujja. A masu ƙarfin cikinsu, irin su Swarthmore da Amherst da Williams, idan aka raba ɗalibai da yawan malamai, kowane malami bai kai ga mutum 10 ba. Kusan kowa a cikin makaranta yake kwana, a ɗakin cin abinci ɗaya ake haɗuwa, kuma a da yawansu ɗalibai suna da kujeru a kwamitocin ladabtarwa da na manhaja. Wanda kuka yi sa-in-sa da shi da safe a kan tarihin bauta shi za ka tarar a layin abinci da rana, wataƙila ma shi ne mai gadon da yake kallon naka. A wuri irin wannan magana ba ta mutuwa a aji, tana bin mutum har ɗaki, kuma yaron da aka shekara huɗu ana tambayarsa mene ne adalci, ana kuma neman ya kare amsarsa, ba abin mamaki ba ne wata rana ya waiwaya ya tambayi makarantar kanta nawa take biyan masu share mata ɗakuna.

Abin da mutane da yawa suke mantawa a yau shi ne cewa tushen wannan ɗabi'a addini ne. Kwalejin Oberlin a jihar Ohio wasu masu wa'azin Kirista biyu ne suka kafa ta a 1833, kuma a 1835, lokacin da miliyoyin baƙaƙen fata suke cikin bauta a kudancin Amurka, ta yanke shawarar karɓar ɗalibi ba tare da duba launin fatarsa ba. A 1841 mata uku suka karɓi digiri tare da maza, a 1862 kuma Mary Jane Patterson ta kammala a can, ita ce ake lissafawa baƙar fata mace ta farko da ta sami irin wannan digiri a ƙasar. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na watan Satumban 1858. An kama wani saurayi mai suna John Price, wanda ya gudo daga bauta a Kentucky yake zaune a garin, aka kai shi garin Wellington da ke kusa don a sa shi a jirgin ƙasa a mayar da shi ga ubangidansa, kamar yadda dokar tarayya ta 1850 ta tanada. Mutanen gari da ɗalibai da malamai, baƙaƙe da farare, suka bi sawu suka ƙwato shi, suka ɓoye shi a gidan wani malamin kwalejin, daga bisani aka tsallakar da shi Kanada. Gwamnati ta tuhumi mutum 37. A lura da kyau: gari da makaranta tare suka yi wannan aiki, kuma wanda aka yi dominsa maƙwabcinsu ne da suka sani da suna. Zan komo kan wannan.

Kwalejin Berea a Kentucky ta fi ba ni sha'awa, domin ta fi kusa da halin da muke ciki. John G. Fee, ɗan mai bayi da ya bijire wa tafarkin mahaifinsa, shi ya kafa ta a 1855 a tsakiyar jihar da ake bauta, bisa wata aya ta Littafi Mai Tsarki da take cewa Allah ya yi dukkan al'umman duniya daga jini ɗaya, ma'anar da Musulmi zai ji amonta a aya ta 13 ta Suratul Hujurat. An kori Fee da abokan aikinsa daga jihar a ƙarshen 1859, suka dawo bayan yaƙin basasa suka zaunar da baƙi da fari a benci ɗaya. A 1904 majalisar jihar ta yi doka musamman don hana wannan cuɗanya, makarantar ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, ta sha kaye a 1908, kuma sai a 1950 aka sassauta dokar ta sake buɗe ƙofa ga baƙaƙen fata. Har yau Berea ba ta karɓar kuɗin karatu, 'ya'yan marasa ƙarfi take ɗauka, kuma kowane ɗalibi tilas ya yi aikin aƙalla awa 10 a mako, ko a gona ko a kicin ko a ɗakin karatu ko wajen saƙa da sassaƙa. A nan adalci ba taken kwali ba ne, yana cikin yadda aka gina makarantar tun daga tushe.

Gwagwarmayar baƙaƙen fata ta shekarun 1960 ma daga irin waɗannan ƙananan makarantu ta sami jiga-jiganta da yawa. Martin Luther King a Kwalejin Morehouse da ke Atlanta ya kammala a 1948, matarsa Coretta kuma ta yi karatu a Antioch. A watan Maris na 1960 ɗaliban Morehouse da Spelman da maƙwabtansu suka wallafa wata takardar koke a jaridun birnin, suka zayyana wariyar da ake nuna musu a makarantu da asibitoci da wuraren aiki da wajen zaɓe, sannan bayan 'yan kwanaki suka shiga wuraren cin abincin da aka haramta musu suka yi zaman dirshan. Sun fara da rubutu da hujja kafin su fita titi, kuma wannan tarbiyyar aji ce.

Mu ma a Afirka mun sha daga wannan rijiya ba tare da mun lura ba. Nnamdi Azikiwe a Jami'ar Lincoln da ke Pennsylvania ya kammala a 1930, Kwame Nkrumah ya biyo shi a 1939, Eduardo Mondlane da ya jagoranci yaƙin 'yancin Mozambik ya fito daga Oberlin a 1953, Kofi Annan kuma daga Macalester a 1961. Da Azikiwe ya jagoranci kafa jami'a a Nsukka a 1960, sai ta zo da tsarin darussan gama-gari da kowane ɗalibi zai ɗauka ko mene ne fanninsa, saɓanin tsarin Ingila da Ibadan take bi. Darussan gama-gari na GST da yaranmu suke yi wa kallon kaya a yau, suna haddace su daren jarrabawa, jikokin wancan tunani ne.

Akwai wani makami da ya dace da waɗannan makarantu musamman. Yawancinsu a kan waƙafi suke rayuwa, wato dukiyar da tsofaffin ɗalibai da masu hali suka bari, ake juya ta a kasuwar hannun jari ana cin ribarta. Ɗalibai suka gane cewa tambayar ina aka zuba kuɗin nan tambaya ce ta halal da haram. A 1977 Kwalejin Hampshire a Massachusetts ta zama ta farko da ta janye jarinta daga kamfanonin da suke hulɗa da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, bayan matsin lambar ɗalibanta, kafin ƙarshen shekarun 1980 kuma makarantu fiye da 100 sun bi sahu ko dai gaba ɗaya ko wani ɓangare. A 1986 majalisar dokokin Amurka ta ƙaƙaba wa Afirka ta Kudu takunkumi duk da ƙin amincewar Shugaba Reagan. Ba ɗalibai kaɗai suka jawo haka ba, amma sun taimaka wajen sa abin ya zama abin kunya. Ba kuma kullum suke nasara ba: a 2015 ɗaliban Swarthmore sun yi kusan wata guda suna zaman dirshan don a janye jari daga kamfanonin man fetur da kwal, hukumar makarantar ta ce a'a.

To, idan na tsaya a nan na yaudari maƙwabcina, domin abin yana da ɗaya fuskar, kuma ba ƙarama ba ce. Mafi tsadar waɗannan kwalejoji, idan aka haɗa karatu da ɗaki da abinci, sun haura dala 80,000 a shekara, abin da ya zarce naira miliyan 100 a canjin yanzu. Wani bincike da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2017 ya nuna cewa a manyan makarantu 38 na ƙasar, ciki har da kwalejoji da dama na wannan rukuni, 'ya'yan kashi 1 cikin 100 mafi arziki sun fi yawan 'ya'yan kashi 60 na ƙasa gaba ɗayansu. Ke nan sau da yawa masu magana da yawun talaka ba su taɓa kwana da yunwa ba. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, domin John Fee ma ɗan masu dukiya ne. Matsalar tana farawa ne a lokacin da neman adalci ya koma yare na 'yan ciki, da kalmomin da sai wanda ya shiga ajin yake ganewa, har ya zama ma'aunin da ake gane ɗan gari da baƙo a tsakanin ɗalibai, alhali mai share ɗakin da mai gadin ƙofa ba su san ana yi ba.

Oberlin ɗin da na yaba ita ce ta ba da misali mafi ciwo. A watan Nuwamban 2016 aka yi rikici a wani shagon burodi mai suna Gibson's, na wani gida da ya haura shekara 100 yana kasuwanci a garin, bayan an zargi wani ɗalibi baƙar fata da yunƙurin satar giya. Washegari ɗaruruwan ɗalibai suka taru a ƙofar shagon suna raba takardun da suke cewa masu shi 'yan wariya ne, makarantar kuma ta dakatar da ciniki da su na wani lokaci. Daga baya ɗaliban da abin ya shafa suka amsa laifi a kotu, suka kuma bayyana cewa ba launin fata ne ya jawo abin da aka yi musu ba. Masu shagon suka kai ƙarar ɓata suna, suka yi nasara a 2019, a 2022 kuma kwalejin ta biya sama da dala miliyan 36. A garin da aka taɓa haɗa kai da maƙwabta aka ceci John Price, a nan aka yanke wa maƙwabci hukunci kafin a ji ta bakinsa. Mu mutanen Jos mun fi kowa sanin abin da yake faruwa idan labari ya riga bincike isa kunnen taro. A Kwalejin Middlebury kuma, a watan Maris na 2017, ɗalibai sun hana wani marubuci mai ra'ayin da suke ƙi, Charles Murray, yin jawabi, har wata malamar da ta zo don ta ƙalubalance shi da tambayoyi ta ji rauni a turmutsutsun. Makarantar da aka gina a kan musu da hujja, idan ta kai ga toshe bakin abokin musu, ta sare reshen da take zaune a kai.

Saboda haka ni a ganina ma'aunin ba yawan zanga-zanga ba ne, kuma ba rashinta ba ne. Ma'aunin shi ne ƙofar makaranta: shin abin da ake tattaunawa a ciki yana fita ya sami mutanen da ake magana a kansu, ya zauna da su, ya saurare su, ya daɗe? Ayyukan da suka fi tasiri galibi ba su da hoto mai jan ido. A Kwalejin Bard ta jihar New York wani ɗalibi mai suna Max Kenner ya fara wani shiri a 1999 wanda ya kai ga ana koyar da fursunoni cikakken karatun digiri a cikin gidajen yari, da manhaja ɗaya da ta 'yan waje, har a 2015 tawagar muhawara ta fursunonin ta kayar da ta ɗaliban Harvard. A Gana, Patrick Awuah, wanda ya yi karatu a Swarthmore ya kuma yi aiki a Microsoft, ya buɗe jami'ar Ashesi a 2002 da ɗalibai 30 a wani gidan haya a Accra, a 2008 kuma ɗaliban da kansu suka kaɗa ƙuri'ar ɗaukar alkawarin rubuta jarrabawa ba tare da mai sa ido ba. A nahiyar da satar amsa ta zama ruwan dare, wannan ma neman adalci ne, kuma da kai ake fara shi. A gida kuma, Jami'ar Amurka ta Najeriya da Atiku Abubakar ya kafa a Yola a kan wannan tsari ta sa hidimar al'umma cikin sharuɗɗan karatunta. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014 mutane suka kwararo Yola, jami'ar tare da limamai da fastoci da 'yan kasuwar garin sun ciyar da dubun-dubatar 'yan gudun hijira, ɗalibai suna cikin masu auna hatsi da rabawa.

Kada wani ya ɗauka cewa ɗalibin Najeriya sai an koya masa kishin jama'a daga waje. Ɗalibanmu ne suka yi wa yarjejeniyar tsaro da Ingila bore tun 1960 har aka soke ta a 1962. A 1971 aka harbe ɗalibi Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan. A watan Afrilun 1978 ƙarin kobo 50 a kuɗin abincin yini ya tayar da boren da aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanal Ahmadu Ali, aka zubar da jinin ɗalibai a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyarsu ta ƙasa, sannan a watan Mayun 1986 aka sake harbe ɗalibai a Samaru. A arewa kuma kalmar talaka ta shiga siyasa da ƙarfinta tun 1950 da aka kafa NEPU, kuma Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur malaman makaranta ne kafin su zama 'yan siyasa. Jarunta ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. Abin da muka rasa shi ne tsarin da zai riƙe wannan kishi a kwanakin da babu bore, ya mayar da shi aikin yau da gobe. Hidimar ƙasa da aka kafa a 1973 sai bayan an gama digiri take zuwa, shirin koyon aiki a masana'antu na hukumar ITF, wadda hedikwatarta take nan Jos, sana'a yake koyarwa ba zama da jama'a ba. A jami'o'in gwamnati aji ɗaya yakan ɗauki ɗaruruwa, ɗakunan kwana ba sa isa, yajin aikin malamai na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma ƙungiyoyin ɗalibai da dama sun koma 'yan amshin shatan masu mulki. A irin wannan hali ba za a ce wa kowa ya kwaikwayi Swarthmore ba.

Amma Jos tana da wani abu da kuɗin waƙafi ba ya saye. Jami'ar garin ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971, ta tsaya da ƙafarta a 1975, harabarta ta Titin Bauchi tana jingine da Unguwar Rogo, mazauninta na dindindin kuma yana Naraguta. Tun daga Juma'ar 7 ga Satumban 2001, da abin da ya biyo baya a Nuwamban 2008 da Janairun 2010, garin ya rabu gida biyu, kowa ya tattara ya koma inda masu addininsa suka fi yawa. A yau yaro zai iya tashi a Gangare ko Rikkos har ya gama sakandare bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da sa'ansa na Kabong ko Unguwar Rukuba ba, haka shi ma wancan. Jami'a tana cikin 'yan wuraren da suka rage inda Birom da Afizere da Anaguta da Ngas da Tarok da Bahaushe da Bafulatani da Ibo da Bayarabe suke zama a benci ɗaya shekara huɗu, suna aron littafi da biro a hannun juna. Abin da Berea ta je Kotun Ƙoli tana nema, mu muna da shi kowace safiyar Litinin. Mun kuma san raunin wannan zama: a watan Agustan 2021, bayan hare-haren da aka kai ƙauyukan Bassa, da kisan matafiya a Titin Rukuba, da harin Yelwa Zangam, ɗalibai sun rasa rayukansu, an dakatar da karatu, gwamnatocin jihohi suka aiko da motoci kowa ya kwashe nasa. Ganin motocin nan suna fita, kowace da tambarin jiharta, yana cikin abubuwan da suka fi ɓata mini rai a zamana na garin nan.

Abin da za mu iya ɗauka daga waɗancan kwalejoji, a nawa hangen, shi ne ɓangaren da ba ya cin kuɗi sosai. Sabon tsarin manhaja da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Darasin zaman lafiya da sasanta rikici yana cikin darussan gama-gari. Maimakon a tara mutum 500 a zaure a karanta musu ma'anar rikici, ana iya raba su rukuni-rukuni na mutum 20, a gauraya su da gangan, a ba kowane rukuni wata unguwa da wata matsala ta zahiri da za su bi tsawon zangon karatu, su dawo su kare abin da suka gano a gaban 'yan unguwar. Matsalolin kuwa ba sai an nemo su ba. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi suna nan suna cin yara, kuma ɗaliban ilimin ƙasa da na kiwon lafiya suna da abin yi a kansu. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da suke tsare a gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, kuma wasu tsangayoyin shari'a sun riga sun buɗe ofisoshin taimakon lauya kyauta da ɗalibai suke gudanarwa a ƙarƙashin malamansu. Sai babbar tambayar da kowa yake kewaye ta, wato takardar indijin, shaidar cewa mutum ɗan asalin wuri ne. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali, sashe na 147 kuma ya ambaci ɗan asalin jiha wajen naɗa minista ba tare da an fayyace dalla-dalla wane ne shi ba, kuma a cikin wannan giɓi jinin Jos ya daɗe yana zuba. Ɗan ƙabilar da yake tsoron a shafe shi a ƙasar kakanninsa yana da hujjar da ta cancanci a ji, wanda aka haifi kakansa a Jos ake ce masa baƙo shi ma yana da tasa. Ban san wurin da ya fi dacewa waɗannan biyun su zauna su yi wannan musu da takardu da tarihi, ba da duwatsu ba, kamar aji mai mutum 20 da malami mai adalci.

Na gaya wa maƙwabcina duk wannan a zama biyu. Na ce masa ya bar yarinya ta tafi, amma ya yi mata nasiha a kan abu biyu: kada ta sa hannu a takardar zargin kowa sai ta ji daga ɓangarorin biyu, kuma ta nemi sanin sunayen masu dafa mata abinci da mutanen garin da ke bayan katanga. Ya ce, "Malam, wannan ai tarbiyyar gida ce." Na ce haka ne, Alhaji.

Bayan wata huɗu ya sake tare ni a wuri ɗaya. Yarinyar tana aikin awa takwas a mako a ɗakin karatu, abokiyar ɗakinta 'yar manoma ce daga wani ƙauyen Amurka, kuma a darasin tarihi an ce kowa ya rubuta yadda danginsa suka zo inda suke. Ta kira shi tana tambaya, "Baba, Kaka daga ina ya zo Jos, kuma me ya kawo shi?" Alhaji ya ce ya daɗe shiru riƙe da waya, domin shi kansa abin da ya sani kaɗan ne: daga ƙasar Katsina aka ɗebo mahaifinsa a zamanin aikin tilas na haƙar kuza, tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bai kuma koma ba. Sauran labarin yana wajen wani tsoho Birom a Bukuru wanda mahaifinsa ya yi aiki a rami ɗaya da nasa, kuma rabon da su ga juna tun kafin 2001. Ya ce ranar Asabar zai je ya neme shi, ya tambaye ni ko zan raka shi.